Kowa da Tasa Alamar Bazara

Ba a taɓa jin sarki ya sa an yi shela cewa gobe bazara za ta kama ba, ba a kuma taɓa ganin alƙali ya zauna yana karɓar shaidar ganinta yadda ake karɓar shaidar ganin jinjirin watan azumi ba. Amma duk da haka, in ka bi gari gida gida a cikin watan Maris kana tambaya, da wuya ka sami baligi mai hankali wanda zai ce maka bai san hunturu ya juya baya ba, da wuya kuma ka sami mutum biyu da za su kawo maka hujja iri ɗaya. Tsohuwa za ta ce man kaɗen da ta ajiye, wanda tun Disamba sai ta sa yatsa ta ƙwaƙulo shi da ƙyar, yau ya narke yana malala. Magidanci zai ce daren jiya ɗaki ya ƙi kwantuwa, har ya fitar da tabarma tsakar gida. Mai shayi zai yi maka kukan kasuwa ta ja baya, alhali kuwa maƙwabciyarsa mai zoɓo da kunun aya ba ta da lokacin amsa maka tambaya saboda ciniki. Yaro kuwa zai ja ka bakin katanga ya nuna maka jan gwada, wanda kansa ya ƙara ja, yana ta gyaɗa shi yana korar 'yan'uwansa.

Ra'ayina game da waɗannan abubuwa shi ne ilmi ne na haƙiƙa, wanda ya cancanci tawada da takarda kamar kowane ilmi, kuma muna cikin yin asararsa ba tare da mun lura ba, domin mun bar shi a bakunan tsofaffi, su kuwa tsofaffi kullum raguwa suke yi.

Kafin a kai ga wannan, ya kamata mai karatu ya san abin da yake faruwa a sararin samaniya, don ya tabbata cewa tsohuwa da man kaɗenta ba camfi suke yi ba. Iska biyu ne suke mulkin ƙasarmu bi da bi. Ɗaya busasshiya ce, tana fitowa daga Sahara ta arewa maso gabas, ita ce mai kawo hazo da fasa leɓe da faso a dunduniya. Ɗayar kuwa tana tasowa daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma, ɗauke da laima. Inda suka yi karo akwai iyaka wadda ido ba ya gani, kuma wannan iyaka tana bin rana a baya: idan rana ta doshi arewa sai ita ma ta yi ta matsowa sannu a hankali, shi ya sa galibi ruwa yakan sauka a Legas tun cikin Maris, ya iso Zariya wajen ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu, ya kai Kano da Katsina da Sakkwato a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, Agadas kuwa sai ta yi haƙuri har Yuli. Abin lura a nan shi ne iskar teku takan riga ruwa isowa da makonni, domin gabanta ba shi da kaurin da zai haɗa hadari. Saboda haka akwai wani zamani wanda laima ta shigo gari amma ko ɗigo bai sauka ba, kuma a cikinsa ne gumi yake daina bushewa a jiki, gishiri ya yi danshi a mazubinsa, ƙofar katako ta fara cijewa, makaɗi ya ga fatar gangarsa ta saki har sai ya kanga ta a wuta kafin ta yi zaƙi. Duk waɗannan shaidu ne a kan abu guda, wato juyawar iska, kowane mai shaida kuwa ya faɗi abin da ya gani daga inda sana'arsa ta tsayar da shi.

Daga cikin alamomin nan akwai wadda ta fi burge ni, ko da yake yanzu agogo da wayar hannu sun kusa binne ta, ita ce ta ladanan da, waɗanda suke sanin shigar azahar da inuwa. Duk wanda ya karanta babin lokutan salla ya san ana lissafi ne daga inuwar zawali, wato ragowar inuwar da take saura a gindin abu sa'ad da rana ta kai tsaka. A cikin hunturu wannan inuwa doguwa ce, tana kwance wajen arewa. Tun daga ƙarshen Disamba kuwa sai ta yi ta gajarta kullum, har ranar da mutum zai kafa sanda a tsaye da tsakar rana ya neme ta ya rasa. A Kano, wadda take kan digiri 12 arewa da layin ikwaita, wannan yana faruwa wajen 21 ko 22 ga Afrilu. Zariya takan riga ta da 'yan kwanaki, Sakkwato ta biyo baya da 'yan kwanaki, Agadas kuwa sai wajen 8 ga Mayu. Daga ranar nan inuwar tsakar rana takan koma gefen kudu, ba ta dawowa arewa a Kano sai wajen 21 ga Agusta. Masu zaman gindin katanga sun san wannan ko da ba su taɓa buɗe littafin fiƙihu ba, gama sukan wayi gari su ga bangon da ya saba ba su mafaka ya yaudare su, dole su ɗauki benci su koma ɗaya gefen.

Itatuwa kuwa su ne manyan masu ba da labari, kuma abin mamaki a sha'aninsu shi ne ba sa jiran ruwa. A daidai lokacin da ƙasa ta bushe ƙarau, rijiyoyi suka ja baya har sai an ƙara wa guga igiya, a lokacin ne ɗorawa take sako jajayen furanninta masu lilo, daga baya ta yi 'ya'ya waɗanda yara za su sha garinsu, mata su ɗebi kalwa su yi daddawa, magina su jiƙa ɓawon su sami makuba ta gyaran soro. Rimi yakan fasa ƙwansonsa, audugarsa ta cika unguwa. Dogon yaro, wanda baƙo ne a wurinmu tun da sai a 1928 aka fara shuka shi a Barno, ya riga ya zama ɗan gari har ƙanshin furensa da dare ya shiga cikin alamomin da mutanen birni suke ambata. Mangwaro ya nuna ya cika kasuwa. Tsamiya da durumi su yi sabon toho, kuka wadda ta yi wata da watanni tsirara ta fara fitar da ɗanyen ganye. Sai gawo shi kaɗai, wanda ya saɓa wa jama'ar itatuwa baki ɗaya: yana kore shar duk tsawon rani, awaki suna cin 'ya'yansa a ƙarƙashinsa, amma da zarar damina ta gabato sai ya kakkaɓe ganyensa ya tsaya fari fat, ya bar wa geron da ke gindinsa hasken rana da taki tare. Manomin da ya ga gawon gonarsa ya fara zubar da ganye ba ya buƙatar wani ya ce masa ya duba irinsa. Ba banza ba sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 suka hana saran wannan itace, suka sa wa mai saransa hukunci mai tsanani.

Amma sarauniyar alamomi, wadda babu gardama a kanta tsakanin malami da jahili, ita ce shamuwa. Tana ƙare watannin raninmu can kudu da layin ikwaita, a gabashi da kudancin Afirka, inda ake damina a lokacin da mu muke hunturu. Sa'an nan ta biyo ruwa zuwa arewa, ta iso mana cikin Afrilu ko Mayu, ta sauka a kan tsamiya ko kukar tsakiyar gari, sau da yawa itacen da ta yi sheƙa bara, ta shiga ɗibar ƙirare. Ba ta gudun mutane, mutane kuma ba sa taɓa ta, har yaro mai danƙo wanda bai bar kurciya ta huta ba ya san wannan ba abin harbinsa ba ce. Tana kuwa biyan haƙƙin maƙwabtaka, domin fara da tsutsa su ne abincinta.

A wajen mutane ma gari yakan canza kama. Maƙera su tashi tun asuba saboda masu kawo gyaran fartanya da garma da sungumi. Jakuna su yi ta jigilar taki zuwa gona. Hayaƙin ƙonar sassabe ya tashi ta ko'ina da yamma. A hau soraye ana yaɓe ana gyara indararo, masu ɗakin ciyawa suna baibaya. 'Yan ci-rani su fara ɗaure kaya, tashoshin mota su cika da masu komawa gida. Guguwa ta riƙa tashi da rana tsaka tana kwasar yayi. Da dare kuma a hangi walƙiya can nesa ba tare da an ji tsawa ba, a kwana ana ce wa juna ruwa ya sauka a wani wuri.

Kada mai karatu ya ɗauka ina yi wa bazara kirari ne. Mutanen Turai da na Farisa suna murna da lokacin da yake biyo bayan sanyinsu, har Iraniyawa suka mai da ranar da dare da rana suke daidaita, wajen 20 ko 21 ga Maris, farkon shekararsu. Suna da dalili, domin su daga ƙunci suke fita zuwa sauƙi. Mu kuwa tamu bazarar jarrabawa ce. A cikinta ne zafi yake wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai kwana da kwanaki a jere, rumbu ya fara nuna gindinsa, dabbobi su rame, baƙon dauro ya shiga yara. A cikinta ne kuma sanƙarau yake kai matuƙarsa, gama busasshiyar iska da ƙura suna raunana hanci da maƙogwaro, cunkoso a ɗaki kuma yana yaɗa ƙwayar cutar. Waɗanda suka yi wayo kafin 1996 ba su manta da annobar shekarar ba, wadda ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. Allurar rigakafin da aka fara a Burkina Faso da Mali da Nijar a Disamba 2010, aka kawo Nijeriya a 2011, ta karya lagon nau'in da ya fi yin ɓarna a da, amma wani nau'in ya tashi a Zamfara da maƙwabtanta a 2017. Tsofaffi sun daɗe da sanin cewa da ruwa ya sauka cutar takan lafa, likitoci kuma sun tabbatar da haka. Saboda haka idan mutumin ƙasarmu yana duban sama yana ƙirga alamomi, lissafin rai da abinci yake yi, ba nishaɗi ba.

Malamanmu na da ba su bar wannan fage ba tare da hisabi ba. Da yake shekarar Hijira ta wata ce, tana kasa shekarar rana da wajen kwana 11, har azumi yakan zagaya dukan lokutan shekara cikin wajen shekara 33, kamar yadda muka sha shi a tsakiyar zafin Afrilu a 2022 da 2023, ba shi yiwuwa manomi ya ɗaura shukarsa a kan Rajab ko Sha'aban. Don haka suka riƙi lissafin manzilolin taurari 28 da ya zo mana ta littattafan Magrib, kowane tauraro kwana 13, in ban da Jabha mai 14, jimla 365, kowane lokaci na shekara kuma taurari bakwai. Na bazara su ne Far'ul Muƙaddam, da Far'ul Mu'ahhar, da Baɗanul Hut, da Sharaɗaini, da Buɗaini, da Surayya, da Dabaran. Suna farawa a ƙarshen Fabrairu, su ƙare a ƙarshen Mayu inda Haƙ'a take buɗe ƙofar damina. Surayya ita ce talakawa suke kira Kaza da 'ya'yanta, kuma ɓacewarta daga yamma bayan magariba a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu alama ce da ko makiyayi a daji ya sani.

A nan wani zai ɗaga yatsa ya tuna mini da hadisin Hudaibiyya, inda bayan ruwan da aka yi da dare Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗi masu jingina saukar ruwa ga tauraro. Gargaɗin gaskiya ne, babu mai jayayya da shi. Sai dai malamai, cikinsu har da Imamu Shafi'i, sun rarrabe tsakanin wanda ya ƙudurta cewa tauraro ne ya yi ruwa, da wanda yake nufin cewa Allah ya gudanar da al'ada ruwa yakan zo a lokaci kaza. Na farko ya ɓata, na biyu kuwa bai ce kome ba face abin da mai cewa mangwaro yakan nuna a Afrilu ya ce. Alama daban, sababi daban. Shamuwa ba ta kawo ruwa, gawo bai hana shi, kuma wanda ya lura da su ya shirya gonarsa bai fita daga tawakkali ba, bal ma ya yi aiki da umurnin da aka yi ta maimaita mana na yin tunani a cikin halittar sammai da ƙasa.

Aibin hisabin taurari wani ne dabam, shi ne cewa ba ya motsi. Ranar da Haƙ'a ta kama a Zariya ita ce ranar da ta kama a Agadas, alhali tsakanin ruwan shukarsu akwai wata biyu ko kusa da haka. Ranar da ta kama a shekarar ƙoshi ita ce ranar da ta kama a 1973 da 1984, shekarun da fari ya cinye dabbobi ya kori mutane daga garuruwansu. Tauraro yana faɗin lokacin da ya kamata abu ya faru. Itace da tsuntsu da gishiri mai danshi su ne suke faɗin abin da yake faruwa bana, a wannan gari, shi ya sa manomi mai basira yakan saurari malam ya kuma je ya dubi gawonsa.

To, ina aka ajiye wannan sani? Babu inda aka ajiye shi sai ƙwaƙwalwa, ita kuwa ƙwaƙwalwa masifu kawai take riƙewa da kyau. Mun san shekarar Kakalaba, yunwar 1914, domin ta bar tabo. Amma ka tambayi dattijo mafi kaifin tunani a garinku ran nawa ga wata shamuwa ta sauka shekara ashirin da suka wuce, ko kuwa kukar bakin kasuwa ta fi saurin toho a da ko a yanzu, zai ce maka lalle zamani ya canza, ba zai iya ƙara kome a kai ba. Kowa yana faɗin damina ta rikice, kuma mai yiwuwa ne kowa yana da gaskiya, sai dai magana ce wadda ba ta da shaida a rubuce daga yawancin garuruwanmu.

Wasu al'ummai sun yi abin da ba mu yi ba, kuma ba da wata na'ura suka yi shi ba. Wani mai gonaki a Norfolk ta ƙasar Ingila, Robert Marsham, ya fara a 1736 yana rubuta ranar da ya ga kowace alama daga cikin alamomi 27 na ƙarewar sanyi: ranar da itace kaza ya yi toho, ranar da tsuntsu kaza ya iso, ranar da kwaɗi suka fara kuka. Da ya mutu a 1797 zuriyarsa suka ci gaba, ba su ajiye alƙalami ba sai 1958, wato fiye da shekara 220 a wuri guda. Yau masana suna komawa ga wannan littafi na gida don su auna yadda ɗumamar duniya take gaggauta tohon itatuwa. A birnin Kyoto na Japan, littattafan fada da na gidajen ibada sun adana ranakun bikin furen ceri tun ƙarni na 9, kuma daga cikinsu aka gane cewa furen yana buɗewa da wuri a zamaninmu fiye da yadda ya saba cikin shekara dubu. Kada kuma a ce wannan ɗabi'ar waɗanda ba Musulmi ba ce: Miƙyasin da ke tsibirin Rauda a Alƙahira, wanda aka gina a 861 zamanin Halifa Mutawakkil, an yi ƙarnuka ana rubuta tashin Kogin Nilu da shi shekara shekara, a Ƙurɗuba ta Andalus kuma, a 961, an miƙa wa Halifa Hakam na biyu wani littafin kalanda mai bayyana wata wata abin da ake shukawa, da abin da yake fure, da abin da yake nuna. Ibn Ƙutaiba, wanda ya rasu a 889, ya riga mutanen Ƙurɗuba, ya tattara abin da Larabawan ƙauye suka sani game da taurari da ruwa da iska, bai kuwa ga cewa ya ƙasƙantar da malantarsa ba don ya rubuta maganar makiyayan raƙuma.

Akwai wani labari da ya kamata ya sa mu jin kunya kaɗan. Da yawa daga cikin tsuntsayen da mutanen Turai suke ɗauka alamar ƙarewar sanyinsu, a wurinmu suke cin rani, a fadamun Haɗeja da Nguru da bakin Tafkin Chadi da dazuzzukan ƙaya na Sahel. Tashinsu daga nan cikin Maris da Afrilu shi ne isarsu can. A 1969 masu ƙirgar tsuntsaye a Ingila, waɗanda yawancinsu 'yan sa-kai ne masu ɗan littafi a aljihu, suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku a shekara guda. Da masanansu suka bi sawu, sai suka tarar ƙarancin ruwan da aka yi a Sahel a 1968 ne ya hallaka shi. Wato littattafan aljihun mutanen wata ƙasa sun ɗauki alamar farin ƙasarmu shekaru kafin duniya ta farga da shi a 1973, mu kuwa da abin ya faru a ƙofar gidanmu ba mu da irin wannan littafi da za mu buɗe.

Na san abin da za a ce: ai yanzu akwai hukuma. Gaskiya ne, Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, NiMet, takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, tana faɗin lokacin da ake sa ran ruwa zai kama da lokacin da zai ɗauke. Cibiyar Agrhymet da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974 bayan babban fari, tana yi wa ƙasashen Sahel irin wannan hidima. Tashar awo ta Samaru kuma tana auna ruwa tun shekarun 1920. Ban raina aikinsu ba, ina ma kira ga manoma su riƙa saurarensa a rediyo. Amma tashoshin awo kaɗan ne, ƙasa kuwa faɗi gare ta, kuma ruwan farkon damina ba ya sauka da adalci: hadari yakan taso daga gabas ya jiƙa wannan ƙauye sharkaf, ya tsallake na kusa da shi wanda ake jin kiran sallarsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Hasashen hukuma na lardi ne, shawarar shuka kuwa ta gona ɗaya ce, kuma wanda zai zuba irin da ya ɓoye tun kaka, wataƙila bai da wani in wannan ya ƙone, yana bukatar duka biyun.

Wajibi ne kuma in faɗi abin da masu ƙaunar al'ada ba sa son ji, cewa ba kowace alama ce gaskiya ba. A cikin abin da muka gada akwai sahihi, akwai mai rauni, akwai ƙagagge, kuma babu hanyar rarrabe su sai a rubuta a gwada. Shamuwa takan zo ruwa ya yi jinkiri. Ruwan fari yakan sauka da ƙarfi, shinge ya fito, kwaɗi su yi kwana suna biki, mutane su ruga su yi shuka, sa'an nan sama ta ɗauke mako uku, tsiro ya ƙone, a koma neman iri da tsada. Wanda ya yi binne ma, wato ya zuba iri a busasshiyar ƙasa yana jiran rahama, yayyafi kaɗan ya isa ya tsirar da irin ya kuma kashe shi. Saboda wannan ne wani masani a cibiyar ICRISAT ta Sadore kusa da Yamai, Sivakumar, ya tsara ƙa'ida a 1988 cewa ba a ce damina ta kama ba sai an sami aƙalla milimita 20 cikin kwana uku a jere bayan 1 ga Mayu, ba tare da an yi fiye da kwana bakwai babu ruwa ba cikin kwana talatin da suka biyo baya. Manomi yana da tasa ƙa'idar, ta tona ƙasa da hannu ya ga iyakar inda laima ta kai. Da a ce wani gari ya rubuta shekara talatin na zuwan shamuwa, da zubar ganyen gawo, da ruwan fari, da ruwan shuka na gaskiya, da ranar da ƙwan zabi ya fara shigowa kasuwa, da yanzu mutanensa sun san wace alama ce abin dogaro, da kwana nawa take rigan ruwa, wace ce kuma za a bar wa hira.

Aikin ba ya bukatar kwangila ko kwamiti, kuma ina roƙon kada a kafa masa ko ɗaya, don kada ya mutu ranar da kuɗin zama ya ƙare. Littafin rubutu guda ya isa, a hannun wanda ba ya barin gari: limami, ko ladan, ko malamin makarantar firamare, ko magatakardan dagaci, ko wata uwargida mai karatun boko ko na ajami, gama ba a ce sai da haruffan Turawa ba. Makarantu sun fi kowa dacewa, domin yara suna da ido, kuma yaron da aka aika ya dubo ko kuka ta yi toho ya koyi abin da darasin kimiyya na allo ba zai koya masa ba. Sai dai littafin ya zama na makaranta, kada malami ya tafi da shi ranar da aka yi masa canjin wurin aiki. A rubuta kwanan wata na Hijira da na Miladiyya tare, a rubuta sunan wurin, a rubuta abin da ido ya gani ba abin da aka ji a kasuwa ba, shekarar da abu bai faru ba ita ma a rubuta cewa bai faru ba.

Sharaɗi mafi wuya shi ne a riƙa duban itace guda kowace shekara, domin kuka biyu a gari ɗaya ba sa toho rana ɗaya, ta bakin rafi takan riga ta kan tudu. A zamanin nan kuwa da buhun gawayi ya yi daraja, ba kowane itace ne ake da tabbacin zai kai baɗi ba. Don haka shawarata ita ce a zaɓi wanda yake cikin maƙabarta, ko harabar masallacin Juma'a, ko ƙofar gidan hakimi, inda mai gatari zai ji nauyin shiga.